Inda na kai da aikin jawo ruwan rafi zuwa tirela

Salam 'yan uwa masu koyo irina. Ruwa dai yanzu yana shiga tankin tirelar (irin wadda ake zama a ciki, mai kicin) kai tsaye daga rafi, na huta da jigilar jarka, wanda ya taɓa hawa gangare da jarka mai lita 20 ya san kilo 20 ne cur a hannunsa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, ƙaramin famfon nan, wato injin tura ruwa mai aiki da batir bolt 12, jarumi ne wajen turawa amma rago ne wajen zuƙowa. Asali ma ba shi ke jan ruwan ba, iska yake kwashewa daga cikin tiyo sai nauyin iskar waje ya danna ruwan ya hau, shi ya sa komai ƙarfin inji ba zai zuƙo ruwa sama da kusan mita 10 a tsaye ba, namu ƙananan kuwa in ka duba takardarsu yawanci bai wuce mita 2 ba. Turawa kuma wani lissafi ne daban, duk tsayin mita 10 yana cin kusan bar 1 ne (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turawa), nawa mai bar 3 ne, toh kun ga akwai sarari sosai duk da dai ruwan yana rage gudu in tudun ya yi yawa. Don haka na bar famfon cikin tirela a inda yake, na samo na biyu na ɗaure shi a kan katako, shi nake saukarwa har bakin ruwa. Tiyon zuƙa gajere, dogon yana ɓangaren turawa. Shi ke nan fa sirrin.

Wuta kuma, bolt 12 ba ya shiri da doguwar waya siririya, kafin ta kai wajen famfo ƙarfin ya zube a hanya sai ka ji yana gurnani kamar mai jin barci. Ƙaramin batir na sa a akwati kusa da shi, da fiyus dab da kan batirin.

Tiyon zuƙa sai mai ƙarfe ko roba mai tauri a nannaɗe a jikinsa, mai laushi yana lotsewa da zarar an fara ja. Na zaɓi wanda ake ganin cikinsa kuma wlh ya biya, domin yoyon ɓangaren zuƙa ba ya ɗiga balle ka gani, iska yake sha. In ka ga ƙananan kumfa suna bin juna a layi zuwa wajen famfo, kuma sautinsa ya tashi daga nauyi ya koma kar-kar-kar, je ka ƙara ɗaure mahaɗar. A bakin tiyon akwai rariya da bawul mai hana ruwa komawa, na ɗaure su da igiya a jikin gorar roba marar komai don su yi lilo kamar kamu ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ba su taɓa laka ba, ba su kuma kwashi ganye da dattin sama ba. In rafin ba zurfi sai in nutsa bokiti in danne da dutse in sa bakin a ciki.

Sai tacewa. Kafin tanki akwai matata biyu, mai maikuron 20 sannan mai 5 (maikuron ma'aunin ƙanƙantar ramukan matata ne), aikinsu tare yashi da laka kawai. Ta farkon kan rine ta yi ja da wuri in an yi ruwan sama, ranar irin wannan gara ka haƙura rafin ya kwanta. Matatar gawayi kuma bayan tanki na sa ta, kusa da famfon kicin, saboda gawayi yana cire kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da nake zubawa a ruwan, in ka sa ta kafin tanki kuma ruwa mai kulorin ya bi ta cikinta ka yi aikin banza, ni so nake maganin ya zauna cikin tanki yana aiki. Kulorin ɗin shi ne bilic marar ƙamshi mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6, ɗigo 2 a kowace lita, wato kusan mililita 10 a tanki mai lita 100, a jira minti 30.

Kar dai wani ya ga ruwa garau ya ɗauka ya zama na sha. Kulorin yana kashe bakteriya da bairos amma Cryptosporidium, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, ba ya jin sa sosai, matata mai maikuron 0.2 kuma tana tare shi da Giardia (ita ma ƙwayar gudawa ce) da bakteriya amma bairos yana wucewa, don haka kowanne yana rufa wa ɗan uwansa asiri ne. Na sha ni har yanzu tafasawa nake, ya yi minti 1 yana ɓararraka, wanka da wanke-wanke ne suke tafiya da na tanki yadda yake. Akwai kuma ruwan da ko tiyo ba na jefawa, wanda ya yi kore shar da kumfa a sama, ko wanda ya biyo ta gonaki da ake feshi ko wajen haƙar ma'adinai, gubar irin wannan tafasawa ba ta cire ta.

Abin da ya rage min yanzu biyu ne. Ina so in sa makunni mai iyo a saman ruwan tanki ya riƙa kashe famfon da kansa in ya cika, yanzu sai na tsaya ina gadin bututun ambaliya. Na biyu shanya dogon tiyon nan, in na naɗe shi da ruwa a ciki wari yake yi, rataye shi a gangare yana taimakawa amma bai bushewa duka, wanda ke da dabara ya taimaka mana da ita don Allah.