Kula da bayanan tashar yanayi ta gida: inda aka fi yin asara

Na'urar auna yanayi in ta lalace, sai a sayi wata. Bayanan shekara biyar kuwa in suka salwanta, babu kasuwar da ake sayar da su. Don haka rumbun bayanai ya fi sandar da ke kan rufi buƙatar kulawa.

A WeeWX, manhajar da ke tattara awon tashar tana nuna shi a shafin intanet, wadda aka saba ɗorawa kan 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, komai yana cikin fayil guda na SQLite (wani nau'in rumbun bayanai) mai suna weewx.sdb. In aka saita tazarar minti 5 tsakanin awo da awo, layi 288 ke shiga kowace rana, sama da 105,000 a shekara. Ban da wannan babban jadawali, akwai ƙananan jadawalai na kowace rana, inda ake ajiye zafi mafi yawa, mafi ƙaranci da jimillar ruwa. A nan ake tuntuɓe. Mutum ya gyara lamba a babban jadawali, ya buɗe shafinsa ya tarar tsohuwar tana nan daram, saboda bai sake gina jadawalin ranar ba. Tsarin shi ne: a tsayar da manhaja, a kwafi fayil ɗin a ajiye gefe, a yi gyaran, a ba da umarnin weectl database rebuild-daily na ranar da aka taɓa, sannan a kunna. A siga ta 4 ta WeeWX sunan umarnin wee_database.

Gyaran da aka fi yi na ruwan ƙarya ne. Bayan hunturu mazurarin ma'aunin ruwa yakan toshe da ƙura da kashin tsuntsaye. A zuba ruwa a wanke, ɗan cokalin da ke ciki ya yi ta juyewa, kowane juyi milimita 0.2 ko 0.3 gwargwadon ƙirar na'ura, sai ga ruwan sama a watan Fabrairu. A nan sifili za a rubuta, tun da ba a yi ruwa ba. Amma in batirin na'urar waje ne ya mutu kwana uku a tsakiyar Agusta, a bar gurbin NULL, wato babu awo. Wanda ya cike shi da sifili ya ce an yi fari ke nan, in kuma layin zafi ne, ya ja matsakaicin wata ƙasa.

Kafin a rubuta kowace lamba da hannu a duba ginshiƙin usUnits, wanda ke nuna ma'aunin da ake ajiye awo da shi. In 1 ne, ruwa da inci ake ajiye shi, ko da shafi yana nuna milimita. In 16 ne, santimita. In 17 ne, milimita. Ka rubuta 12 a rumbun inci da nufin milimita, ka zubo kusan milimita 305 cikin minti biyar.

Ɗauke wuta kuwa ta agogo yake cutarwa. Raspberry Pi kafin samfuri na 5 ba shi da agogo mai batir, sai ya tashi da tsohon lokaci har intanet ya gyara masa. Layukan da suka shiga a tsakanin nan suna ɗauke da lokacin da ba nasu ba. Mafi muni shi ne layin da ya sami kwanan wata na gaba, domin manhaja tana karɓar abin da ya fi layin ƙarshe sabunta ne kawai daga ma'ajiyar na'ura. Ɗan agogo mai batir na DS3231 da ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta) sun kashe wannan matsala. A tuna kuma ma'ajiyar na'urar kamfanin Davis layi 2,560 take ɗauka: kusan kwana 9 a tazarar minti 5, ƙasa da kwana 2 a tazarar minti 1, daga nan ta fara rubutu kan tsofaffi. Tazarar minti 1 burgewa ce kawai ga yawancin gidaje.

Katin SD, inda Raspberry Pi ke ajiye fayiloli, yana mutuwa ba sallama. Kwafar fayil yayin da manhaja ke rubutu a ciki na iya ba da gurɓataccen kwafi, don haka a yi amfani da umarnin .backup na sqlite3 kowane dare, a tura zuwa wata na'ura dabam. Duk wata a buɗe kwafi ɗaya a gwada lafiyarsa da umarnin PRAGMA integrity_check, a tabbata ya amsa ok, kuma layinsa na ƙarshe na daren jiya ne.