Godiya bayan tiyatar haihuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, an yi suna lafiya, ni da jaririya muna gida. Waɗanda suka kira ko suka turo barka ban amsa ba, ku yafe ni, ga godiyata a dunƙule.

Aiki aka yi mini aka ciro ta, da allurar baya mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ina farke har na ji kukanta. Azabar sai da allurar ta sake ni ta sauka, ko tari na yi sai in ji kamar ɗinkin zai ɓalle. Nas ɗin dare ta tarar da ni ina cije leɓe, irin dauriyar da aka tarbiyyantar da mu a kai, ta ce: "Mai jego, in kin yi shiru ta ina zan san yana miki ciwo?" Ta yi mini allura, daga baya ta riƙa kawo paracetamol da diclofenac a kan ƙa'ida, ba sai ciwon ya taso ba, ta kuma kwantar mini da hankali cewa ba za su hana ni shayarwa ba. Ita ta koya mini danne ɗinkin da filo kafin tari, ta tashe ni tattaki washegari don kada jini ya daskare a ƙafa. Sai da ciwon ya lafa na iya rungumar 'yata da daɗin rai. Allah Ya saka miki da alheri, 'yar'uwa.

Bayan 'yan kwanaki kuma kuka ya zo mini babu dalili, ga kunyar a ce butulci nake wa Allah. Likita ta ce yawancin masu jego na shiga wannan hali, yakan wuce cikin mako 2, in ya zarce ko ya tsananta in dawo a duba ni. Abban yara, na gode da ba ka ce "me aka yi miki?" ba, ka dai ɗauki yarinya na samu barci.

Inna, ke kika hana a taɓa ɗinkina da tafasasshen ruwan wankan jego, ke kika kuma rufe bakin mai cewa matan yanzu ragwaye ne, ba sa haihuwa da kansu. Allah Ya ƙara girma. Samarin unguwa da suka ba da jini, Allah Ya biya ku.

Masu zuwa barka, sai bayan la'asar don Allah, da safe barci nake ramawa.