Abin da Fiziks ta Ajin Farko ta Koya Mini

Hadda ce ta fitar da yawancinmu daga WAEC da JAMB, amma a PHY 101, kwas ɗin fiziks na ajin farko a jami'a, ba ta kai mutum ko'ina. Malami zai iya rubuta maka dabarar lissafin a kan allo, kyauta, sannan ya jefo tambayar da in ba ka fahimci abin ba, sai dai ka zuba wa takarda ido har a karɓe.

Babbar wahalar ita ce ido yana yaudarar mutum. Kowa ya san in mai ga-ruwa ya saki kurarsa tsayawa take yi, don haka muka tashi da tunanin cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi. Haka Aristotle, masanin falsafar Girka na zamanin da, ya ɗauka, aka yi kusan shekara 2,000 ana bin bayansa. Dokar farko ta masanin kimiyya Isaac Newton, a littafinsa na 1687, ta ce ba haka ba ne: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu ɗaya har sai wani ƙarfi ya tare shi. Gugar taya da ƙasa ce ke tsayar da kurar. Shi ya sa in direba ya taka birki kake yin gaba. Ba wanda ya ingiza ka, motar ce ta tsaya, jikinka bai tsaya ba.

Haka ma zancen cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa. Iska ce ke kawo bambancin. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare.

Amma a ɗakin gwaji abin ya zauna mini sosai. Ana ba ku ɗan ƙwallon ƙarfe ɗaure da zare, da ruler, da agogon auna daƙiƙa. Ku ja ƙwallon gefe kaɗan, ku sake shi yana lilo, ɗaya na ƙirga kai-komo 20, ɗaya na riƙe da agogo. Sai a sauya tsawon zaren a sake, a zana jadawali, daga nan a fitar da saurin da jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa. Littafi ya ce mita 9.8 a kowace daƙiƙa cikin daƙiƙa. Kusan ba ƙungiyar da ke samun hakan daidai, kuma akwai masu gyara alƙalumansu a ɓoye don su dace da littafi. A ganina su suka fi asara, domin abin da ake son ka bayyana shi ne dalilin kaucewar: jinkirin yatsa wajen danna agogo, ko auna zaren da aka tsaya a saman ƙwallo maimakon tsakiyarsa, ko fankar da ke kaɗawa a sama.

Sai kuma ma'auni. Ka rubuta amsa 15 ba tare da mita ko kilogiram ba, a zabtare maka maki, mu kuwa muna ganin mugunta ce kawai. Daga baya na karanta cewa a 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na ma'aikata ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam (pound), ɗaya ɓangaren kuma yana karantawa a matsayin wani ma'aunin ƙarfi daban mai suna newton.