Kaurin agar ya cinye mini mako uku

Da hunturu na yi aikin binciken kammala digirina a wani ɗakin gwaji a Katsina, kan ƙwayoyin Staphylococcus da ake samu a fitsarin mata. Bambance su ba wuya. Idan ƙwayar ba ta daskarar da ruwan jini ba, sai a shuka ta a farantin agar, wato daskararren abincin da ƙwaya ke tsirowa a kai, a ɗora mata ɗan faifan maganin novobiocin mai maikurogiram 5. Cikin nau'o'insu, saprophyticus ba ta jin wannan magani, za ta tsiro har kusa da faifan. Epidermidis kuwa tana ja baya ta bar fili, da'irar ta wuce milimita 16.

Iskar hunturu na busar mini da faranti, gefen agar har tsagewa yake yi. Sai na yi wa kaina dabara, na riƙa zuba agar ɗin Mueller-Hinton da kauri. Ka'ida milimita 4 ce, na sani sarai. Nawa ya kusa ninki biyu. Kaurin ruwan ƙwayar ma da ido nake kintata shi, kwalbar McFarland 0.5 da ake gwada kaurin da ita na ajiye a gefe ban ko ɗaga ta ba.

Kowace safiya in buɗe inkubeta, in ɗora rula, in ga da'irar milimita 14, 15. Murna nake, a zatona saprophyticus ta cika gari. Har na fara rubuta babi na huɗu.

Ranar da na kai wa Malama mai duba aikina sakamakon, ba ta ko kalli takardar ba. Faranti ta ɗaga wajen taga, ta duba shi ta gefe. "Ɗana, wannan agar ne ko tuwo? Ina kwanturol ɗinka?" Babu. Ta sa na shuka kwanturol, wato epidermidis ATCC 12228 da aka san tana jin maganin, a farantina da nata. A nata fili ya buɗe sosai, a nawa da'irar ta tsuke. Agar in ya yi kauri, maganin nitsewa ƙasa yake yi maimakon ya bazu gefe, sai ƙwaya mai jin magani ta fito kamar mai taurin kai.

Abin da ke ci mini rai har yau, gwajin kwanturol ɗin na kwana ɗaya ne kacal. Faifai guda na ƙi kashewa, na ƙare da sayen sabon fakiti da kuɗin aljihuna. Da na maimaita, ƙwayoyi da dama da na laƙaba wa suna saprophyticus suka koma inda suka fito.

Yanzu awon agar nake yi, mililita 25 a farantin milimita 90, bushewa kuma leda ce maganinta, a ɗaure a sa a firji.