Jijiyar agara da gadar Third Mainland

A Agege, idan aka ga magidanci mai 'ya'ya yana sheƙa gudu bayan sallar asuba, tambayar ba ta wuce ɗaya: "Malam, lafiya? Me ya biyo ka?" Na sha ta har na daina amsawa. Hawan jini ne ya fara biyo ni, likita ya ce in rage tumbi, na soma zagaye a filin wasa na Agege tare da wasu 'yan kasuwa da ma'aikata, Hausawa da Yarbawa da Ibo. Daga zagayen neman lafiya abin ya koma gasa a tsakaninmu. Kowa yana duba agogonsa, kowa yana satar kallon na kusa da shi.

Gasar gudun fanfalaki ta Legas ita ce tamu ta gida. An fara ta a watan Fabrairun 2016, wani ɗan Kenya, Abraham Kiptum, ya lashe ta farko, ya sake lashe ta biyu. Dala 50,000 da ake ba na ɗaya ba mu ake yi wa tanadinta ba, wannan tsakanin 'yan Kenya da Habasha ne. Ko a rukunin 'yan Najeriya ma akwai masu abin, wato 'yan Filato, yaran Jos da Pankshin da suka tashi suna hawan tsauni a iska mai sanyi, irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang. Ranar gasa, a gaban babban filin wasa na Surulere inda ake tashi a shekarun da na shiga, gari bai gama wayewa ba za ka ji Hausa tana tashi a sahun gaba, ka waiga ka ga samari sirara suna tsalle-tsallen ɗumama jiki. Ka gaisa da su tun a nan, domin da an tashi ba za ka ƙara ganin ko ƙeyarsu ba. Mu na baya burinmu biyu ne: mu kai kilomita 42 da mita 195 ɗin da ƙafarmu, kuma mu riga abokan zagayenmu isa Eko Atlantic, inda ake ƙare gasar.

Shirina ya yi kyau har zuwa tsakiyar hunturu. Legas shimfiɗaɗɗen gari ne, don haka gadar sama ta Pen Cinema ita ce tudunmu, mu hau da gudu mu sauko a hankali, mu sake hawa, kafin motoci su yi yawa. A daidai lokacin na samu wani takalmin gwanjo a kasuwar Katangowa, mara nauyi, mai shafaffen dunduniya irin na 'yan tsere. Tsohon nawa dunduniyarsa tana da tudu. Bambancin bai kai kaurin ɗan yatsa ba, amma a kowane taku agara, wato jijiyar bayan dunduniya, sai ta ƙara miƙewa kaɗan fiye da yadda ta saba, ga kuma hawan gada a kai.

Ciwon agara mayaudari ne. Da asuba idan na sauko daga gado zan je alwala, ƙafar hagu sai ta ƙi lanƙwasuwa, in riƙa takawa kamar wanda aka ɗaure wa dunduniya da igiya. Kafin in dawo daga masallaci ta saki. In na fita gudu, kilomita na farko da ɗan zafi, daga nan shiru, sai in yi kilomita goma sha biyar ban tuna da ita ba. Da yamma in na zauna a shago na jima, in tashi, sai ta dawo da ƙarfinta. In na matsa jijiyar da yatsu biyu, kamar faɗin yatsu uku sama da dunduniya, akwai wani ɗan kumburi mai tauri da zafi. Tsugunno kuwa ya zama aiki.

Shawara ba ta tsada a wurinmu. Wannan ya ce man zafi, wancan ya ce in gasa da ruwan ɗumi da gishiri, mai kemis ya miƙo diclofenac. Na je wurin wani dattijo mai ɗori a Zango, kuma ba zan ci amanarsa ba, mutumin ya san aikinsa. Ya lalube ƙafar tun daga idon sawu har ƙwauri, ya ce, "Yaro, ba karaya, ba targaɗe, ba gocewa. Jijiya ce ta gaji." Ya murza, ya shafa magani, ya ƙi karɓar kuɗi mai yawa. Na ji daɗi kwana biyu. Abin da ba shi da shi shi ne abin da zai ce in yi bayan murzar.

Ƙwayar kuwa ban sha ta ranar gasa ba, don wata ma'aikaciyar jinya da muke zagaye tare ta tsaya a kaina. Ta ce diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, mai gudun sa'o'i huɗu a zafin Legas kuma jikinsa ya riga ya bushe, haɗa biyun neman jinya ne. Ta ƙara da cewa ciwon da aka rufe wa baki ba zai iya gaya maka lokacin tsayawa ba. Masu haɗiyar tramadol don su ji ƙarfi su ma su sani, tun daga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Mun tashi daga Surulere da sanyin safiya, muka bi Ojuelegba, muka hau titin Ikorodu, Anthony, Gbagada, sai Oworonshoki. Har nan ƙafa lafiya lau, jama'a a gefen titi suna ihu, masu ganga suna kiɗa. Sai gadar Third Mainland. Wanda ya saba ratsa ta a mota bai san ta ba. Kilomita 11.8 ce a kan ruwa, babu inuwa, babu 'yan kallo, daga kai sai ƙarar takalma da numfashin na kusa da kai. Rana tana fitowa ta hagu, tana dukan ruwa tana dawowa fuska. Can ƙasa ta dama ga gidajen katako na Makoko a kan turaku, hayaƙin bandar kifi yana tasowa, masu kwalekwale suna ɗaga kai suna kallon mahaukatan da ke gudu ba a kore su ba. Duk 'yan mitoci akwai mahaɗar ƙarfe da ke haɗa sassan gadar, kuma titin yana da ɗan gangare zuwa gefe don ruwan sama, ƙafa ɗaya tana sauka ƙasa da ɗaya. A tsakiyar gadar agara ta fara magana. Na koma tsakiyar titi inda ya fi daidaito, na rage tsawon taku. Ta lafa, ba ta tafi ba.

Da muka sauka Ikoyi an wuce rabin tafiya. Abin da ya ƙarasa ni ita ce gadar Lekki zuwa Ikoyi, mai igiyoyin nan da ake ɗaukar hoto. Gajeriya ce, amma tana da hawa. A hawan ne zafin ya sauya kama, daga ja ya koma suka, kuma na lura na fara jefa ƙafar gefe don kada in tura da yatsu. Wani dattijo ɗan Filato da ke tsaye da gorunan ruwa yana jiran yaransa na baya ya gan ni ina ɗingishi, ya ce, "Ɗan'uwa, tsaya tukuna. Ɗaga ta dama, ka tashi a kan yatsun ta hagu." Na gwada, dunduniya ta ɗan ɗaga ta koma. Ya girgiza kai. "Saura kilomita fiye da goma. In ka tsinka ta, sai tiyata. Gasar nan tana nan baɗi." Na zauna a bakin titi na cire lambar ƙirjina, ina kallon abokan zagayena suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har wanda ban taɓa bari ya riga ni ba.

Likitar gashin ƙashi da na gani bayan 'yan kwanaki ta sa na kwanta rub da ciki, ƙafafu suna lilo a bakin gado, ta matse sha-raɓata. Tafin ƙafar ya motsa da kansa. Ta ce alhamdu lillahi, jijiyar ba ta tsinke ba, da ta tsinke ƙafar ba za ta amsa ba. Sai ta yi tambayar da ban zata ba: ko na sha wani magani a 'yan watannin nan? Na ce na sha na taifot, cipro, kamar yadda kowa ke sha in zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya. Ta ajiye biro. Ashe ciprofloxacin da danginsa suna raunana jijiyoyi, agara ce kan gaba, kuma gargaɗin yana nan rubuce a takardar da ke cikin kwalin, wadda muke yarwa. Ba ta ce shi kaɗai ya jawo ba. Ta lissafa takalmi, ta lissafa gada, ta lissafa shekaruna. Amma ta ce duk mai gudu ya kamata ya faɗa wa likita yana gudu kafin a rubuta masa wannan maganin.

Na roƙe ta allurar da aka ce tana kashe ciwon nan take. Ta ƙi. Allurar sitiroyid a kusa da agara tana kwantar da zafi, tana kuma ƙara haɗarin tsinkewa. Na ce to in kwanta in huta wata biyu? Ta ce nan ma a'a, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni mamaki a duk jinyar. Wurin da ke ciwo jini ba ya isarsa sosai, shi ya sa yake jinkirin warkewa, kuma jijiyar da aka bari ba aiki laushi take ƙarawa. Da an koma gudu sai ciwon ya dawo inda aka bar shi. Abin da ke gyara ta shi ne nauyi, a ɗora mata kaɗan-kaɗan. Ta koya mini atisayen da wani likita ɗan Suwidin, Alfredson, ya wallafa a 1998: ka tsaya a bakin matakala da yatsu, dunduniya a waje, ka ɗaga da ƙafa biyu, ka sauko a hankali da mai ciwon kaɗai har dunduniya ta wuce bakin matakalar. Sau 15, zubi uku da gwiwa a miƙe, zubi uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, mako 12. Sau 180 ke nan a rana.

Dakalin ƙofar shagona ya zama asibitina. Maƙwabta suka yi dariya har suka gaji. Da abin ya yi sauƙi sai na goya jakar makarantar ɗana, na zuba gorunan ruwa a ciki, duk mako in ƙara ɗaya. Ƙa'idar da ta ba ni mai sauƙi ce: ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi, alƙali shi ne takun farko na washegari. In taurin asuba ya ƙaru, an yi yawa, a koma baya. In yana nan yadda yake ko ya ragu, a ci gaba.

Atisayen ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar ita ce safiyar Asabar, wayata tana ta ƙara da hotunan 'yan ƙungiya sun gama kilomita ashirin suna shan shayi. Na zama mai saurin fushi, har uwargida ta ce, "Malam, don Allah ka ari keke ka fita, gidan nan ya yi mana kaɗan." Ta yi gaskiya, keke ba ya takura wa agara in ka taka feda da tsakiyar ƙafa, kuma ya riƙe mini numfashi. Hajiyarmu kuwa ta waya daga gida hukuncinta guda: "Ai sai ka bari haka nan, Allah ya nuna maka." Na ce to, Hajiya. Ban ce na bari ba.

Komawa gudun ta zo da kunya. Minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, a kan ciyawa, mutanen da na saba wucewa suna zagaye ni suna "sannu, Alhaji". Na koma takalmi mai tudun dunduniya, gadar Pen Cinema kuma ban sake hawanta da gudu ba sai da na iya tashi a kan yatsun ƙafar hagu sau ashirin a jere, daidai da ta dama. A gasar da ta biyo baya ta kilomita 10 na shiga, wadda aka yi a ɓangaren Lekki, wasu abokai suna tsokanata wai na koma ajin yara.

Cikakkiyar sai a shekara ta gaba. Na ratsa Third Mainland a tsakiyar titi, a hankali fiye da yadda zuciyata ke so, na hau gadar Lekki da gajeren taku, na isa Eko Atlantic cikin sa'a huɗu da 'yan kai, biyu daga cikin abokan zagayena a gabana, sauran a baya. Agara ba ta ce komai ba. Farcen babban yatsan ƙafar dama ne ya yi baƙi, bayan mako biyu ya fita.