Lambun da ke bayan katanga a Bibury

A farkon watan Yuni na bar Landan da sassafe, na hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington zuwa Kemble, daga nan mota ta kai ni Cirencester, wata kuma ta ƙarasa da ni Bibury, ƙauyen da ke bakin kogin Coln a yankin Cotswolds na Ingila. Abin da ya kai ni shi ne jerin gidajen dutsen nan da ake kira Arlington Row, waɗanda aka gina a wajen 1380 domin ajiyar ulu, aka mayar da su gidajen masaƙa a ƙarni na 17. Hotonsu ya taɓa fitowa a cikin bangon fasfon Birtaniya, saboda haka na san kamanninsu tun kafin in taka wurin.

Abin da hotunan ba su nuna mini ba shi ne akwai mutane a ciki. Ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ce ke da gidajen, amma 'yan haya ne ke kwana suna tashi a cikinsu, kuma kowace safiya sukan buɗe ƙofa su tarar da baƙi sun yi cincirindo, kowa da wayarsa a sama.

Na ɗan haura gaba, sai idona ya faɗa kan wani lambu a bayan gajeriyar katanga, inda furen wardi ya bi bango har ya kai bakin taga. Na ɗaga kyamara, na daidaita, sai na hango wasu abubuwa da ban lura da su ba da farko: safar hannu mai ɗanyar ƙasa a kan benci, butar ban ruwa a gefenta, da takalmin roba a bakin ƙofa. Nan take na ji nauyi ya kama ni, domin a fili yake cewa mai lambun bai daɗe da tashi daga aiki ba. Na san dokar Ingila ba ta hana mai tsayuwa a kan hanyar jama'a ɗaukar hoton abin da idonsa ke gani ba, amma sanin hakan bai sa hannuna ya saki ba. Kusa da ni wani matashi ya miƙa rabin jikinsa ta kan katangar don ya samu kusurwa mai kyau, ni kuwa kunyar abin da ya yi ta rufe ni kamar ni na aikata.

A ƙauyen nan ne masu yawon buɗe ido suka yi ta ƙorafi cewa motar wani dattijo mai launin rawaya tana ɓata musu hoto, har aka lalata ta a 2017, daga baya masu motoci rawaya kimanin 100 suka yi jerin gwano don nuna masa goyon baya. Labarin ya daɗe yana damuna, domin a ƙofar gidansa yake ajiye motarsa.

Ina tsaye sai ga wata dattijuwa ta fito da almakashin lambu a hannu. Na gaishe ta, na ce furanninta sun burge ni, na kuma nemi izinin ɗaukar hotonsu. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce in ɗauki furannin yadda nake so, amma in bar taga da ƙofa, domin akwai waɗanda suka taɓa turo ƙyauren lambun suka shigo a zatonsu gidan tarihi ne. Ta nuna mini reshen da ta fi so, wanda ta ce ya sha da ƙyar daga sanyin bara.

Hoto biyu na ɗauka, duka na reshen nan, na yi mata godiya, na gangara bakin kogi in jira motar komawa Cirencester.