Zoben roba a hanyar abinci

Kwana uku ina fitar da bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wani irin ƙarni, ban faɗa wa kowa ba. Na ce basir ne ya motsa. Na sayi jiƙo a bakin kasuwa, na haɗa da diklofenak ɗin da na saba sha idan baya ya riƙe ni bayan lodin albasa. Rana ta huɗu, da asuba, ina alwala sai amai ya taso, jini gudaji-gudaji kamar an yanka hanta. Uwargida ta haska fitila ta ce, "Malam, wannan ya wuce basir."

A Tawa suka sa mini ruwa da leda ɗaya ta jini, suka ce sai Yamai. Tafiyar ta fi kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, amma abin da na riƙe kawai shi ne hannun yayana a goshina.

Likitar da ta karɓe ni ta zana mini abin a bayan takardar magani. Jinin hanji da na saifa duk ta babbar jijiya ɗaya yake bi ya shiga hanta. Tawa hantar ta ƙanƙance ta yi tauri, aikin hepatit B da na daɗe da shi ban sani ba. Ta ce in tuna lambu: idan babbar hanyar ruwa ta toshe, ruwa ƙananan kwarin gefe yake bi har ya fasa su. To haka ƙananan jijiyoyin ƙasan hanyar abinci suke kumbura, wani lokaci na tumbi, wani lokaci na farkon hanji ko na dubura. Baƙin bayan gidan nan kuwa jini ne da ciki ya narkar. Diklofenak da asfirin da ibuprofen, ta ce in yi sallama da su har abada.

Yayana ya tara mutum biyar na ba da jini, yana ta matsa wa majo a ƙara mini. Likitar ta ce, "Alhaji, yi haƙuri. In muka cika shi da yawa, ƙarfin jinin ne zai ƙaru a jijiyar, ta sake fashewa." Sai awon jini ya sauka wajen 7 suke ƙarawa, kuma ba su neman ya wuce 8 sosai. Har yau yayana bai gamsu ba. Allurai dai na sha: mai rage jinin da ke kwarara zuwa jijiyar, da seftiriyazon na kwanaki don hana ƙwayoyin cuta.

Aikin kansa, da suke kira ligatir, ba fiɗa ba ce. An kwantar da ni a kan gefen hagu, aka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka sa mini roba tsakanin haƙora. Tiyon fibroskofi, wanda ake zurawa ta baki a leƙa ciki, bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, da fitila da kamara a bakinsa, da wata ƴar hula da aka jera ƙananan zobban roba a kanta. Idan ta kai kan jijiyar da ta kumbura, na'ura takan tsotso ta cikin hular, sai a saki zobe ya shaƙe gindinta. A zuwa na biyu, da hankalina ya fi dawowa, na roƙi majo ya juyo mini allon: wasu shuɗɗan tsiro ne zube kamar igiya, inda aka ɗaure kuma ya tashi kamar ƴar ƙwallon kanya. Zobe biyar aka sa mini a karon farko, cikin abin da bai kai rabin awa ba. Wahalar duk a yunƙurin amai take. In ka bi numfashi ta hanci ka bar miyau ya zuba, da sauƙi.

Bayan haka ƙirji ya yi mini nauyi kwana biyu. Kunu mai sanyi da fura mai ruwa-ruwa na yi ta sha. Zobban da kansu suke faɗuwa bayan ƴan kwanaki su bar ɗan gyambo, shi ya sa ƙilishi da ƙanzo sai a jira.

Kuskurena a nan yake. An ce in riƙa dawowa bayan mako biyu zuwa huɗu har jijiyoyin su ƙare. Na je na biyu, na ji garau, ga kakar albasa ta kama, ga kuɗin mota da na zobban jikkoki ne masu yawa. Na ce na warke. Har propranolol, maganin rage ƙarfin jini a jijiyar, na daina sha don yana sa ni kasala. Wata uku ba su cika ba baƙin bayan gida ya dawo, amma wannan karon a ranar na hau mota.

Likitar ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi. Ta ce zobe jijiya yake ɗaurewa, hanta tana nan yadda take, jini kuma zai ci gaba da neman mafita. Ta leƙa har farkon hanji, don wanda ya ɓulla can ya fi wuyar gani, kuma sau da yawa ba zobe ake sa masa ba: wani manne ake tsirawa cikin jijiyar ya daskare, ko a bi ta jijiyar wuya a buɗe wa jini sabuwar hanya a cikin hanta. Nawa hanjin lafiya lau, Alhamdu lillahi. Sau biyu aka ƙara ɗaure ni kafin ta ce sun kwanta.

Yanzu kowace safiya ina shan tenofobir saboda hepatit ɗin, da propranolol, in ɗora yatsa a wuyan hannu in ƙirga. Likitar ta ce kada bugun zuciya ya sauka ƙasa da 55 a minti. Na kai iyali duka awo. Ƙananan sun sami rigakafi tun suna jarirai, babban ɗana ne aka samu da cutar, shi ma an fara bibiyarsa. Ranar fibroskofi na gaba uwargida ta rubuta ta da gawayi a bangon zaure, daidai inda nake rataye makullin shago.